A tseren keke, wanda ya kama bakinsa ne ke komawa kan sirdi

A gasar Olamfik ta Landan a 2012, mutumin da ya lashe lambar zinare a tseren keke na kan titi shi ne Alexandre Vinokourov, ɗan ƙasar Kazakistan, yana da shekara 38. Shekara biyar kafin nan, a tsakiyar gasar Tour de France ta 2007, an gwada jininsa aka tarar da jinin wani mutum a ciki. An dakatar da shi, ya dawo a 2009, ya ci tseren Liège–Bastogne–Liège a 2010, sannan ya ci zinaren Landan. Da ya ajiye keke sai aka damƙa masa ragamar ƙungiyar Astana gaba ɗayanta, matasa na shigowa hannunsa. Bai taɓa fitowa ya bayyana wa duniya yadda jinin nan ya shiga jikinsa ba, ko wa ya saka masa.

Ni ban ƙi a bar mai laifi ya dawo ba. Doka ta yanke masa wa'adi, ya cika, to ya hau kekensa. Rayuwar ɗan tsere gajeriya ce, shekara biyu ba tare da albashi ko gasa ba hukunci ne mai nauyi, balle tun 2015 da WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta ɗaga wa'adin zuwa shekara huɗu ga wanda ya aikata da gangan. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wannan sana'a ke tantance wanda za ta buɗe wa ƙofa da wanda za ta rufe wa. Idan ka jera sunayen, za ka ga girman laifi ba ya cikin lissafin. Tambayoyi biyu ake yi: har yanzu ƙafarsa na da ƙarfi? Kuma ya tona wani?

Dubi badaƙalar Operación Puerto. A 2006 'yan sandan Sifaniya suka kai samame wuraren likita Eufemiano Fuentes a Madrid, suka kwaso jakunkunan jini da aka ajiye cikin firji, kowace da sunan ɓoye a jikinta. Dabarar ita ce a ɗebi jinin ɗan tsere a ajiye, in babbar gasa ta zo a mayar masa, iskar da jikinsa ke ɗauka ta ƙaru, ya hau dutse kamar ba ya gajiya. Cikin waɗanda jininsu ke firjin akwai Alejandro Valverde da Jörg Jaksche.

Valverde ya musanta. Hukumomin Italiya suka ɗebi jininsa lokacin da Tour de France ta 2008 ta ratsa ƙasarsu, suka gwada da ɗaya daga cikin jakunkunan, aka ga jininsa ne. Ya sha dakatarwar shekara biyu daga farkon 2010. Wa'adin na cika, ƙungiyar da ya bari, wadda a lokacin ta koma Movistar, ta karɓe shi hannu bibbiyu. A 2018 ya zama zakaran duniya a Innsbruck, ya ci gaba da tsere har ya haura shekara arba'in, aka yi masa ban kwana irin na jarumai.

Jaksche kuwa, Bajamushen da ya ci Paris–Nice a 2004, ya zauna da mujallar Der Spiegel a 2007 ya zayyana komai: abin da ya sha, a wace ƙungiya, da yadda shugabannin ƙungiyoyi suka sani. Hukuma ta saka masa da rage hukunci zuwa shekara ɗaya. Da shekarar ta cika ya nemi aiki, babu ƙungiyar da ta ɗauke shi. Ya ajiye keke yana ɗan shekara talatin da ɗoriya. Firji ɗaya, likita ɗaya, laifi iri ɗaya, amma wanda ya taimaki masu bincike shi ne ya rasa abincinsa.

'Yan tsere suna da suna ga wannan doka da ba a rubuta ba, suna ce mata omertà, wato kama baki irin na 'yan Mafiya. An taɓa nuna ta ƙarara a gaban kyamara. A zango na 18 na Tour de France ta 2004, Filippo Simeoni, ɗan Italiya, ya zabura daga cikin ayari don ya cim ma wasu 'yan tsere da suka yi gaba. Simeoni ba barazana ba ne ga kowa a jadawali. Amma ya taɓa amsa cewa ya yi amfani da EPO, haramtaccen sinadarin ƙara jini, ya sha dakatarwa, kuma ya ba da shaida a kotu kan likita Michele Ferrari, wanda ke aiki da Lance Armstrong. Sai ga Armstrong da kansa, sanye da rawayar riga ta wanda ke kan gaba a gasar, ya bi shi a guje. Kowa ya san ayari ba zai bar mai rawayar riga ya tsere ba, don haka waɗanda ke gaba suka roƙi Simeoni ya koma baya kada ya ɓata musu rana. Ya koma. Abokan sana'arsa suka yi ta zaginsa, Armstrong kuma ya ja yatsunsa a kan leɓɓansa kamar mai rufe zik. Duk matashin da ya kalli wannan a talabijin ya fahimci darasin ba tare da an yi masa bayani ba.

Za a ce ai ga David Millar. Gaskiya ne, kuma shi ne misalin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa. 'Yan sandan Faransa sun kama shi a Biarritz a 2004, ya amsa laifi, aka ƙwace kambun duniya da ya ci a 2003, ya yi shekara biyu a waje. Ya dawo a 2006, daga baya ya shiga ƙungiyar Jonathan Vaughters, wadda aka gina a kan cewa tsohon mai laifi da ya tuba zai fi kowa sanin inda ramin yake. Millar ya yi ta magana a fili, ya zauna a kwamitin 'yan wasa na WADA, ya ci zango a Tour ta 2012. Sai dai ƙungiya irin ta Vaughters ba ta da yawa. Ivan Basso, wanda iyakar abin da ya amsa shi ne ya yi niyyar ƙarin jini bai kai ga yi ba, ya dawo ya ci gasar Giro ta Italiya a 2010. Alberto Contador, da aka sami haramtaccen sinadari a jikinsa, ya tsaya a kan cewa gurɓataccen nama ya ci, aka ƙwace masa Tour ta 2010, ya dawo a watan Agustan 2012, ya ci gasar Vuelta ta Sifaniya a watan Satumba. Floyd Landis, da aka ƙwace wa Tour ta 2006, bai sami babbar ƙungiya ba, kuma da ya fasa ƙwai a 2010 sai aka yi ta kiransa maƙaryaci mai hassada, har binciken da USADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka, ta yi kan Armstrong ya tabbatar da maganarsa a 2012.

Ko masu neman gyara ma sun faɗa tarkon. Bayan rahoton USADA, ƙungiyar Sky ta Birtaniya ta ce duk ma'aikacinta sai ya sa hannu cewa bai taɓa hulɗa da ƙwayoyin ƙara kuzari ba. Bobby Julich da Steven de Jongh suka faɗi gaskiyar abin da suka yi shekaru da dama da suka wuce, suka rasa aikinsu. Levi Leipheimer ya ba USADA shaida, aka dakatar da shi wata shida, ƙungiyarsa ta sallame shi nan take. A kunne wannan tsauri yana da daɗin ji. A aikace kuwa ya sanar da duk wanda ba a kama ba cewa ya ci gaba da shiru, domin furuci ɗaya zai raba shi da albashi. Ƙawancen ƙungiyoyin tsere na MPCC, da aka kafa a 2007, ya fi tunani: ƙungiyoyinsa sun yarda ba za su ɗauki wanda aka dakatar fiye da wata shida ba sai bayan ƙarin shekara biyu. Amma shiga ƙawancen ganin dama ne, kuma manyan ƙungiyoyi da dama sun ƙi shiga ko sun fice.

Inda na fi damuwa shi ne motar da ke bin 'yan tsere a baya. Ɗan tsere mai shekara ashirin da biyu ba shi ke nemo likita ba, ba shi ke tsara yadda za a yi safarar jini daga wannan otal zuwa wancan ba. Manya ne ke nuna masa hanya. Bjarne Riis ya amsa a 2007 cewa da EPO ya ci Tour ta 1996, kuma ya ci gaba da jagorancin babbar ƙungiya shekaru bayan haka. A gaskiya ma amsa laifin da ya yi ya fi shirun wasu, amma ya tsaya ne a kan kansa kaɗai.

Da UCI, hukumar tseren keke ta duniya, za ta ji shawara, da ta raba abu biyu. Komawa tsere bayan cika wa'adi haƙƙin ɗan wasa ne, kada a taɓa shi. Amma lasisin jagorancin ƙungiya, ko horar da matasa, ko zama a motar ƙungiya, kada a ba duk wanda aka taɓa kamawa sai ya zauna da masu bincike masu zaman kansu ya faɗi wa ya ba shi, a ina, da sanin wa. Wanda kuma ya ba da irin wannan shaida yana kan ganiyarsa, kamar Jaksche, hukuma ta ɗauki nauyin albashinsa daga wani asusu da ƙungiyoyin za su riƙa zuba kuɗi, har ya sami ƙungiya ko ya koyi wata sana'a. Ƙungiyoyin da ke kashe miliyoyin yuro kowace shekara ba za su gaza wannan ba.