Sa Hannu da Lamba: Nazari a kan Hotunan Kwamfuta na David Hockney

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin duba yadda mai zanen nan ɗan Ingila, David Hockney, wanda aka haifa a Bradford a 1937, ya mai da zanen kwamfuta hajar sayarwa. Da fari yakan zana furanni da ɗan yatsa a kan iPhone, ya aika wa abokansa kyauta. A 2010 ya koma ga iPad, a 2011 kuma ya zana jerin hotunan tohon itatuwa a hanyar Woldgate ta gabashin Yorkshire, waɗanda aka buga a takarda aka nuna a Royal Academy ta Landan a 2012.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne ƙayyade yawan bugun. Galibin hotunan nan kwafi 25 aka fitar na kowanne, da lamba da sa hannun mai zane. Ita wannan al'ada tana da dalili a wurin masu sassaƙa zane a farantin tagulla, domin kuwa farantin yana cinyewa da yawan dannawa, har bugun ƙarshe ya kasa na farko kyau. Zanen da ke cikin kwamfuta fa? Ba ya cinyewa. Na dubu da na ɗaya duk ɗaya ne. Ashe ke nan ƙarancin ba daga kayan aiki ya fito ba, ƙirƙiro shi aka yi. Ba mu ce zamba ce ba, tun da ba a ɓoye wa kowa ba, amma a namu ganin abin da mai saye ya biya shi ne alkawarin cewa ba za a buga na 26 ba.

Ta fuskar fasaha kuwa, hukuncinmu ya rabu biyu. Hoton da aka zana a gilashi haske ne ke fitowa ta bayansa, takarda kuwa aron haske take yi, saboda haka koren nan mai walƙiya yakan ɗan dushe. Sai dai girman takarda ya fito da abin da gilashi ya ɓoye, watau ɗige-ɗige da jan layi na gaggawa, musamman inda ya zana ruwan da ya kwanta a hanya. A nan ne muka fi ganin hannun Hockney, fiye ma da inda ya rubuta sunansa.