Zuciya, Tsintsiya, Rijiya

A cikin adaidaita sahu na ji waƙar, daga Sabon Gari zuwa Kabuga. Muryar kamar zuma, kiɗan na ratsa jiki. Sai da na kasa kunne sosai na gane mawaƙin ya rufe ɗango na farko da zuciya, na biyu da tsintsiya, na uku da rijiya, kuma babu abin da ya haɗa ukun sai "ya" ɗin ƙarshe. Na ce wa direba, "Me yake nufi ne?" Ya yi dariya. "Malam, wa ke sauraron ma'ana? Kiɗan ne."

Yayin ke nan a situdiyo da yawa. A fara buga fiyano, a samo amsa-amo, sannan a cusa kowace kalma da ta shiga ramin.

Ba wai Bahaushe bai san shirme ba. Muna da 'yan kama, waɗanda ke zama kamar malamin zaure, su ja baƙi su fassara, alhali karatun duka a kan tuwo da miya yake. Amma ɗan kama ya san abin da yake yi. Sai da ya naƙalci yadda malami ke gina magana kafin ya iya karkata ta, shi ya sa ake dariya. Shirmensa da lissafi. Mawaƙinmu na adaidaita kuwa ya ɗauka hikima yake zubawa.

Ni dai gwajina guda ne: cire kiɗan, ka faɗi baitin da bakinka kamar kana hira da wani dattijo. Gwada da "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Sa'adu Zungur, wanda ya rasu tun 1958. Tambaya ya aza, ya kawo dalili, ya faɗi abin da yake tsoro. Kana iya ƙin yarda da shi, ni ma akwai inda muka raba hanya, amma ka samu abin musu. Ko "Karen Mota" ta Ɗan Maraya Jos: kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ga yaron mota tsaye gabanka da wahalarsa.

Na gwada da ta adaidaitar bayan na sauka. Na karanta wa ƙanwata baitin, ba kiɗa. Ta dube ni ta ce, "Yaya, lafiyarka ƙalau kuwa?"