Cabascabo: Majigin Farko na Umaru Ganda

Duk wanda ya zauna da dattawan ƙasarmu ta Kunci ya ji labarin 'yan Bama, watau sojan da suka komo gida bayan an gama yaƙi a 1945, aljihu cike, amma kafin a ci kasuwa goma wasunsu sun koma neman rance. Irin wannan labari ne Umaru Ganda, mutumin Yamai, ya ɗauka a majiginsa na farko mai suna Cabascabo, wanda aka nuna a Kan ta ƙasar Faransa a 1969.

An haifi Ganda a 1935. Yana saurayi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indocin. Daga baya ya yi dako a bakin jirgi a Abijan, inda Bature Jean Rouch ya sa shi cikin wani majigi a 1958. Da ya tashi yin nasa, sai ya fito da kansa a matsayin tsohon sojan, yana magana da Zabarmanci.

Ga yadda labarin yake. Soja ya komo, dangi da abokai suka tarye shi da murna, maroƙa suna zuga shi, mata suna kewaye shi. Ya yi ta ɓarin kuɗi har suka ƙare. Ranar da suka ƙare kowa ya watse, wanda jiya ake sara masa ya koma neman aikin lebura.

Babban ƙarfin majigin shi ne gaskiya, gama waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ganda bai mai da sojan waliyyi ba, bai kuwa mai da shi abin dariya ba. Ya nuna wautarsa, ya kuma nuna laifin masu cin arzikinsa, da na waɗanda suka kai shi yaƙin da ba nasa ba. Hoton baƙi da fari ne, wannan kuwa ya dace da labarin, har ya ɗan yi kama da majigin Amurka na wajen 1945, masu duhu, inda mutum kan jawo wa kansa halaka yana ji yana gani.

Amma fa akwai aibu. Na ɗaya, tsawonsa wajen minti 45 ne kurum, saboda haka faɗuwar sojan ta zo da gaggawa, mai kallo bai gama sabawa da shi ba sai ya gan shi a ƙasa. Na biyu, yaƙin da yake tunowa bai yi nauyin da ya kamata ba, don ƙarancin kuɗi da kayan aiki ya bayyana a nan. Na uku, matan da ke ciki, har da wadda Zalika Sule ta fito a matsayinta, ba a buɗe mana zuciyarsu ba, an bar su kamar tarko kawai. Wannan aibi ya fi sauran girma, domin ba rashin kuɗi ya jawo shi ba.

Duk da haka, da rarrafe yaro kan tashi. A 1972 majiginsa na auren mata da yawa ya ci babbar kyauta a Wagadugu, kuma a cikinsa matan sun sami bakin magana. Ganda ya rasu a 1981, Allah ya jiƙansa. Wanda ke da ɗa ko ƙane a ci-rani, in ya sami hali ya kalli Cabascabo, sa'an nan ya tambayi kansa, ranar da yaron ya komo da ɗan abin hannunsa, cikin waɗanne mutane za a same shi.