Wa Ya Fi Wani Cikin 'Yan Damben Da?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a birnin Katsina. In ka zauna wurin mahauta da la'asar, bayan an tashi daga sayar da nama, da wuya ka tashi ba ka ji an ɗauko ta ba. Wannan ya ce Shago, wancan ya ce Ɗandunawa, wani kuma ya rantse ba a taɓa yin kamar Ado Ɗan Kware ba. Mun ji 'yan makaranta ma sun ɗauka, har wasu na rubuta sunaye a jere, na ɗaya, na biyu, na uku, kamar sakamakon jarrabawa. To, tun da ya ke abin ya kai ga alƙalami, ya kamata mu bincika mu ga a kan me a ke yin wannan jeri.

Ba mu kaɗai ke irin wannan musu ba. Mutanen Ostareliya har yau suna yi a kan nasu. Wasu sun riƙe Les Darcy, wanda ya rasu a Amurka cikin 1917 yana ɗan shekara 21. Wasu sun fi son Lionel Rose, ɗan asalin ƙasar, wanda ya je har Tokyo cikin 1968 ya karɓo kambin duniya daga hannun Fighting Harada. Amma su in gardama ta yi zafi sai a ɗauko littafi. An rubuta ranar kowane wasa, da nauyin kowa, da yawan turmin da aka yi. Haka 'yan ƙasarmu Hogan Bassey da Dick Tiger, waɗanda suka ci kambin duniya cikin 1957 da 1962, kowa na iya ƙirga wasanninsu. Kai, ko maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu. Tun 1975, sa'ad da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin kokawa a Tawa, su ke riƙe da sunan wanda ya ci kowace gasa.

Mu kuwa mene ne littafinmu? Bakin makaɗi. Ku duba sunaye ukun nan da muka ambata. Dukansu ta bakin mutum ɗaya suka cika ƙasa, watau Muhammadu Bawa Ɗan Anace, na ƙasar Sakkwato. Ba mu raina shi ba ko kaɗan. Ya iya shirya labarin wasa, ya kawo ka fili, ka ji kalangu, ka ga an ɗaure hannu da zare, ka ji tsoro ya kama ka alhali kuwa kana zaune a ɗakinka. Cikin mawaƙan maza ba mu san wanda ya fi shi wannan gwaninta ba. Amma fa makaɗi ba alƙali ba ne. Wanda ya ba shi doki da riga shi zai kai sama, kuma ranar da aka kashe gwaninsa ba ita zai tsaya yana maimaitawa ba. (Wanda bai saba ba kada ya firgita: kisa a dambe shi ne a buge mutum ya kai ƙasa, ba a raba shi da rai ba.) Wanda duk ya ɗauki waƙa ya mai da ita lissafi, ya yi kamar wanda ya tambayi uwar amarya ko 'yarta na da kyau.

Duk da haka akwai gaskiyar da ke tserewa daga bakin makaɗi ba da nufinsa ba, ita muka fi amincewa da ita. Ba shi yiwuwa ya ɗaukaka wanda ya yi kisa sai ya fara girmama wanda aka kashe, gama ba a yi wa mutum kirari don ya kā da rago. Saboda haka duk yabon da aka yi wa Shago a kan karonsa da Ɗandunawa, rabinsa shaida ce ga Ɗandunawa. In dole sai mun jera, Shago za mu sa a gaba, don shi ya yi kisan. Amma ba mu yarda da masu tura Ɗandunawa can baya ba don kawai ya faɗi rana ɗaya. Ɗan ratar da ke tsakaninsu bai kai yadda a ke faɗi ba.

Sai kuma masu cewa 'yan damben yanzu, na Arewa da na Kudu da na Guramaɗa, ba su kai takalmin na da ba. Wannan magana ba ta da ma'auni. Na da sun yi wasa da kaka, bayan an kai amfanin gona gida, suna bin ƙauyuka. Na yanzu suna yi kusan kowace yamma a gidajen dambe, ana ɗaukar hotonsu a waya, ana ganin kowane tuntuɓe da suka yi. Na da kuwa ba mu gan su suna tuntuɓe ba, don makaɗi ya share mana shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne rabon Katsina. Gari mai mahauta haka, mai Sarkin Pawa tun zamanin da, ba shi yiwuwa a ce bai haifi mazajen dambe ba. Amma in aka zo jeri, sai Bakatsine ya riƙa kiran mutanen yamma, domin su aka yi wa waƙar da ta shiga rediyo da kaset. Nasa suna nan a kan tsofaffi, kowace shekara kuwa tsofaffin raguwa su ke yi.

Don haka ku 'yan makaranta, in an yi hutu, ku sami wani dattijon mahauci a unguwarku, ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi. Kada ku ce masa wa ya fi, don zai ba ku amsar da ya ji a waƙa. Ku ce wa ya gani da idonsa, a wane fili, zamanin wane sarki, na Dikko ko na Usman Nagogo, da wa suka kara, a turmi na nawa aka yi kisa. Ku rubuta yadda ya faɗa, har da sunan wanda aka kashe, ku aiko mana.