Zaƙi da Tsini: Nazari kan Kaifin Sautin Jitar Lantarki

Duk wanda ya taɓa zama a sahun gaba inda ake kaɗa jitar lantarki ya san wani irin amo da ke sa mutum ya runtse ido, ya karkatar da kai ba shiri. Ba lallai ƙarar ta yi yawa ba, domin ganga kan fi ta ƙarfi kuma kunne ya ɗauke ta lafiya lau. Abin da ke damun mai sauraro shi ne tsinin da ke bakin sautin, kamar ana goga ƙusa a jikin kwanon rufi. Makaɗan jita sun fi shekara 70 suna fama da wannan matsala, har ta haifar da wata al'ada ta dabaru da gardandami a tsakaninsu da masu gyaran kayansu. Ra'ayina shi ne yawancin masu neman magani suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba, wato zaƙi da tsini, kuma garin kashe tsini sai su kashe zaƙin da ya sa ake son jitar tun farko. Suna yin haka ne saboda suna neman gyara a ƙarshen hanyar sauti alhali ɓarnar daga tushe take, sannan suna yanke hukunci da kunnen da ke tsaye a inda bai kamata ba.

Sai a fara da sanin cewa kaifin jitar lantarki da gangan aka yi shi. Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya ta Amurka, bai iya kaɗa jita ba, amma ya saurari koken makaɗan gidajen rawa na yankinsa, waɗanda ganguna da hayaniyar jama'a ke binne musu kiɗa. Jitar da ya fitar a 1950, wadda ta koma Telecaster a 1951, da Stratocaster ta 1954, an gina su ne don sautinsu ya ratsa taro kamar yadda kirarin maroƙi ke ratsa cinkoson biki. Gangar jikinsu katako ne curarre marar rami, kuma maɗaukin sautin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, naɗi ɗaya ne, wanda ke fitar da siririn sauti tas. Kamfanin Gibson ya bi wata hanya. Seth Lover ya ƙera masa maɗauki mai naɗi biyu don kashe gunjin lantarki, aka sa shi a jitar Les Paul a 1957, sai ya zo da murya mai kauri da duhu. Tun daga lokacin makaɗa suke kai da komo tsakanin waɗannan gidaje biyu, mai Fender yana neman rage kaifi, mai Gibson yana neman ƙarinsa.

To, a ina tsinin yake zaune? Sauti karkarwa ce, kuma ana auna ta da yawan bugun da take yi a daƙiƙa guda. Tsirkiya mafi kauri a jita tana karkarwa kusan sau 82 a daƙiƙa, mafi siranta kuwa, ko an danne ta a can ƙarshen wuya, ba ta wuce sau 1,200 da ɗan wani abu ba. Duk abin da ke sama da haka 'ya'yan sauti ne da ke raka uwar, kuma su ne ke ba jita launinta. Kunnen ɗan Adam kuwa ba ya yi wa kowane sauti adalci. Binciken da Harvey Fletcher da Wilden Munson suka wallafa a 1933 ya nuna cewa kunne ya fi saurin kama karkarwar da ke tsakanin kusan 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, saboda kafar kunne da kanta tana ƙara wa sautin da ke wajen 3,000 ƙarfi, kamar yadda tulu ke ƙara wa murya amo. Abin da ya dagula lamarin shi ne maɗaukin sautin jita, idan ya haɗu da kebul ɗinsa, yana da wani tudu inda ya fi ƙarfi, kuma tudun yakan faɗo a cikin wannan yanki. Lasifikar jita ma tana da nata tudun a wajen, kafin ta yi shiru bayan 5,000 ko 6,000. Idan tudu ya hau kan tudu a daidai inda kunne ya fi rauni, tsini ya samu ke nan. Zaƙi kuwa shimfiɗaɗɗe ne, ya bazu a faɗin sautin sama ba tare da wani wuri ya yi ƙaho ba.

Wannan bambanci shi ne ke nuna inda ya kamata gyara ya fara, wato hannun makaɗi. A ɗauki jita guda, kada a taɓa komai a jikin amfilifaya. A kaɗa tsirkiya da siririn farcen roba dab da jaki, inda tsirkiyoyin suka hau suka ɗaure: sautin zai fito a bushe, da ƙyas a bakinsa. A matsar da hannu taƙi guda zuwa wajen wuya, a ɗan karkata farcen yadda gefensa zai zame a kan tsirkiya maimakon ya mare ta, sai a ji muryar ta cika, ƙyas ɗin ya kwanta. Dalili kuwa shi ne tsirkiyar da aka fizga kusa da ƙarshenta tana tayar da 'ya'yan sauti na sama da yawa, wadda aka fizga kusa da tsakiya kuwa uwar sauti ce ke rinjaye. Wes Montgomery, gwanin kiɗan jaz na Amurka, ya ajiye farcen roba gaba ɗaya ya riƙa kaɗawa da tsokar babban yatsa, kuma har yau ana misali da taushin sautinsa. Bayan hannu sai tsirkiya, domin ta zallar baƙin ƙarfe marar tsatsa ta fi mai rufin nikel kaifi, sabuwa kuma ta fi wadda ta sha hannu. Sai tsayin maɗauki: idan ya matso tsirkiya da yawa, juya kusoshinsa biyu sau ɗaya ko biyu da sukudireba kan yi abin da sabuwar na'ura mai tsada ba za ta yi ba.

Akwai kuma mamurɗin sauti da ke jikin jitar kanta, wanda makaɗa da dama ke barin sa a lamba 10 har jitar ta tsufa. Aikinsa shi ne zubar da wani kaso na siririn sauti ta cikin ɗan kafasita, kuma daga 10 zuwa 7 abin da ya fi yi shi ne danne wancan tudu na maɗauki, bai kai ga taɓa jikin sautin ba. Eric Clapton, a zamanin ƙungiyar Cream wajen 1967, ya murɗe shi har ƙasa a jitar Gibson ya buɗe amfilifayar Marshall, ya samu wata murya mai kama da ta mutum. Hatta masana'antun sun san da wannan lissafi, shi ya sa Fender ta saba sa mamurɗi mai juriyar 250,000 a ma'aunin om don ya ɗan sha kaifin maɗaukinta, Gibson kuma ta sa mai 500,000 don kada nata ya ƙara duhu. Wani abin lura shi ne a tsohon tsarin wayoyin Stratocaster, maɗaukin da ke kusa da jaki, wanda ya fi kowanne tsini, ba shi da mamurɗin sauti ko kaɗan. Mai gyara kan sauya wannan da ɗan guntun waya da dalma cikin mintoci. Kebul ma tana da hannu: doguwa tana saukar da tudun zuwa ƙasa, shi ya sa ake danganta wani ɓangare na laushin Stratocaster ta Jimi Hendrix da naɗaɗɗiyar kebul da ya saba amfani da ita.

Inda aka fi yin kuskure, a ganina, shi ne wajen lasifika. Lasifikar jita mai faɗin inci 12 tana watsa sautin ƙasa ko'ina, amma siririn sauti tana harba shi ne a miƙe daga tsakiyarta kamar hasken tocila. Makaɗi yakan ajiye amfilifaya a ƙasa ya tsaya dab da ita, hasken tocilar yana dukan ƙaurinsa, kunnensa kuwa yana can sama yana jin sauti mai duhu. Sai ya ƙara kaifi har ya gamsu. Mutanen da ke zaune a gabansa, waɗanda kunnuwansu ke daidai saitin lasifikar, su ne ke shan azabar abin da shi bai taɓa ji ba. Maganin ba ya cin ko sisi: a jingina amfilifaya ta kalli kan makaɗin, ko a ɗora ta a kujera, nan take shi da kansa zai rage. Haka lamarin yake ga makirfo, domin wanda aka saita a cibiyar lasifika yana kwasar tsinin duka, wanda aka matsar yatsu biyu ko uku zuwa gefe kuwa yana kwasar sauti mai jiki. Sannan amfilifayoyi da yawa suna da ɗan kafasita da ke barin siririn sauti ya wuce idan an rage ƙara, wanda ke nufin amfilifayar da ke da daɗi a lamba 6 tana iya zama abin gudu a lamba 2.

Wani zai ce duk wannan dogon Turanci ne, tun da akwai mamurɗin kaifi a jikin amfilifaya, a rage shi kawai a huta. Amsar ita ce wannan mamurɗi ba ya zaɓe. Yana sauke duk sautin sama gaba ɗaya, tsini da zaƙi tare, kamar mai shara da ya haɗa tsaba da tsakuwa. Jitar da aka yi wa haka tana da daɗi idan mutum shi kaɗai ne a ɗaki, amma da zarar ganga da jitar bes da muryar mawaƙi sun shigo sai ta nutse, makaɗin ya ƙara ƙarfi don a ji shi, kowa ma ya ƙara nasa, dandali ya rikice. Tarihi ya goyi bayan wannan. A Ingila ta shekarun 1960 matsalar makaɗa ita ce duhun amfilifayoyinsu idan an buɗe su sosai. Kamfanin Vox ya ƙara wa amfilifayarsa AC30 sashen ƙarin kaifi, kuma aka fitar da wata 'yar na'ura mai suna Rangemaster wadda aikinta ke nan, makaɗa Rory Gallagher da Tony Iommi suka yi amfani da ita, Brian May na ƙungiyar Queen ma ya gina sautinsa a kan irinta. Ba wanda ke kiran sautin Brian May mai tsini. Abin da na'urar ke yi shi ne rage nauyin ƙasa ta tura tsakiyar sauti cikin amfilifayar da ta riga ta cika, ita kuma ta daddanne kan tsinin. Ashe ana iya ƙara haske a samu laushi, idan an san inda aka ƙara shi.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi, kuma ya cancanci a saurare shi. Masu shi suna cewa tsini da zaƙi magana ce ta ɗanɗano, abin da wani ya ƙi shi wani ke so. Suna kawo Albert Collins na jihar Texas, wanda kaifin Telecaster ɗinsa ya sa ake danganta shi da ƙanƙara, da Buck Owens na garin Bakersfield da ya riƙa daidaita faya-fayansa don su fito ras a rediyon mota. Kusa da gida kuma ga jitar Abzinawa, irin ta Bombino da Mdou Moctar, wadda ta girma a bukukuwan aure na Agadas da kewaye, a fili, kan ƙananan amfilifayoyi, kuma waƙoƙinta suka yaɗu daga waya zuwa waya ta katin ajiya, ana jin su ta 'yar lasifikar salula. Kaifi a nan jinin kiɗan ne. Kunnen Bahaushe ma bai baƙunci sauti mai ratsawa ba, tun da da algaita ake raka sarki, kuma kuntigin Ɗan Maraya Jos siririn amo gare shi. Na yarda da rabin wannan hujja: babu ma'auni guda na yawan hasken da ya dace da kowane kiɗa. Amma a duba misalan da kyau. Albert Collins da yatsunsa yake kaɗawa, haka ma Bombino da Mdou Moctar, wato tsoka ce ke taɓa tsirkiya, ta kwantar da bakin sautin tun daga tushe. Filin biki kuma ba shi da bango da silin da za su dawo da siririn sauti, rairayi da tufafin jama'a da iska suna shanye shi kafin ya yi nisa. Algaita ma a fili take da kyau, ba mai busa ta a kunnen wani cikin ƙuntataccen ɗaki. Saitin da ya yi daidai a ƙofar gida a Agadas zai iya zama azaba a zaure mai daɓen tayil da tagogin gilashi, kuma wannan canji daga wurin ya fito, ɗanɗanon mai sauraro yana nan yadda yake.

Akwai dalili na ƙarshe da ya sa ba na ɗaukar wannan batu a matsayin gardamar masu sha'awa kawai. Ƙara mai yawa tana fara lalata ji ne a wajen karkarwa 4,000 a daƙiƙa, wato a tsakiyar yankin da tsini ke zaune, kuma ƙwayoyin kunnen da suka mutu ba sa dawowa. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka saba bayarwa ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu, alhali dandalin kiɗa kan haura 100 cikin sauƙi. Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya daɗe yana bayyana yadda ƙugin kunne ya dame shi. Makaɗin da ya shekara 20 a gaban lasifika yana iya rasa wani ɓangare na wannan yanki bai sani ba, sai ya riƙa jin jitarsa ta yi duhu yana ƙara mata kaifi, masu sauraro suna karɓar abin da kunnensa ya daina kamawa. Ko kunne mai lafiya ma yakan gaji bayan awa guda na kiɗa, shi ya sa saitin ƙarshen dare ya fi na farkonsa tsini. Don haka hukuncin makaɗi shi kaɗai bai isa ba. Kafin jama'a su taru, ya miƙa jitar ga abokin kiɗansa, ko ya sa doguwar kebul, ya taka zuwa inda baƙi za su zauna, ya durƙusa daidai tsayin kujera a saitin lasifika, ya saurara yayin da ganga da bes suke tafiya tare da shi. Abin da ya ji a wurin shi zai gaya masa ko hannunsa zai matsar, ko mamurɗin jita zai sauke zuwa 7, ko amfilifayar ce kawai ke bukatar a juya mata fuska.