Surar Namiji a Finafinan Hausa: Daga Takobi zuwa Waƙa

Kowane yaro a ƙasar Daura ya tashi da labarin Bayajida, baƙon nan da ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, daga nan sarauta ta fita daga hannun mata. Namijin wannan labari da takobi aka san shi.

Finafinan Hausa na bidiyo sun soma a Kano da Turmin Danya cikin 1990. Da tasirin finafinan Indiya ya yi ƙarfi, sai ga wani namiji dabam ya bayyana. Cikin Sangaya, na 1999, Ali Nuhu ya fito a ɗan sarauta mai begen kuyanga, yana rera mata waƙa yana rausaya. Masu suka suka ce wannan ba halin mazan Hausa ba ne, watau an zubar da kunya da jaruntaka.

Amma wanda ya duba da kyau zai ga riga kurum aka sake. Zaɓi bai bar hannun namiji ba: shi ne ya ɗaga kuyangar ya ba ta daraja. Cikin Wasila, na 2000, mace ce mai laifi, miji kuwa mai hukunci.

To, malamin da zai tattauna waɗannan finafinai da ɗalibansa, kada ya tsaya ga wanda ya yi rawa, sai ya tambaye su wa ya yanke magana. A ƙasar da ba ta manta da mulkin magajiyoyi ba, lalle tambayar tana da nauyi.