Zakarun da Suka Manyanta: Gogewa Ba Ta Wadatarwa Sai da Magada

Daga cikin ɗabi'un da suka yaɗu a ƙwallon kwando akwai riƙe 'yan wasan da suka ciwo kofi har ƙarfinsu ya ja baya, bisa hujjar cewa da tsohuwar zuma ake magani. Hujjar tana da tushe, domin iya jefa ƙwallo da sanin inda abokin wasa zai tsaya ba sa gushewa da wuri, sai dai abin da shekaru ke fara cinyewa shi ne saurin ƙafa wajen tsaron gida, a wasan da mutum biyar kacal ke tsare fili, kuma ake ba kowace ƙungiya daƙiƙa 24 ta kai hari.

Amma dokar wasan ta ba da mafita, tunda ba ta ƙayyade yawan canji ba, don haka koci na iya rage wa dattijo mintunansa, ya adana shi domin wasannin ƙarshe. Wannan dabara ce San Antonio Spurs ta bi har ta lashe gasar NBA ta Amurka a 2014, lokacin da Tim Duncan ke da shekara 38, alhali Kawhi Leonard mai shekara 22 ne ya zama gwarzon wasannin ƙarshe. Ita kuwa Boston Celtics, wadda ta ci kofi a 2008, ta miƙa Kevin Garnett da Paul Pierce ga Brooklyn a 2013, ta karɓi damar zaɓen sabbin matasa, wadda ta kawo mata Jaylen Brown da Jayson Tatum, waɗanda suka dawo mata da kofin a 2024.

A Arewa, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta lashe gasar Najeriya sau huɗu tsakanin 2013 da 2017, ta kuma zo ta uku a gasar ƙungiyoyin Afirka ta 2016 a Alƙahira. Rikicin shugabanci da ya raba hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa gida biyu a 2017 ya dagula gasar cikin gida, wato fagen da matashi ke nuna a cikinsa, kuma a shekarun da suka biyo baya Rivers Hoopers ta Fatakwal ce ta fi cin moriyar kofin.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne ƙungiyar da ta manyanta za ta iya ci gaba da takara, amma bisa sharaɗin ta raini magada tun manyan na cikin fili, domin matashi ba ya koyon natsuwar mintin ƙarshe sai a gefen wanda ya taɓa ɗanɗana ta. Saboda haka, jiha irin Sakkwato, inda yara daga Hubbare zuwa sauran unguwanni ke da tsawo da kuzari, ta fi buƙatar filaye a makarantu, da ƙwararrun masu horarwa, da gasa mai ɗorewa kowace shekara, fiye da sayo sunayen da tauraronsu ya fara dusashewa.